Karayar Zuciyar Mai Taɓin Hankali

Ya 'yan'uwa, karatunmu na wannan mako a kan wani al'amari ne da ake ɓoyewa a gidaje, watau mai taɓin hankali wanda ya fara cewa gara masa mutuwa.

Yawancinmu muna zaton hatsari yana lokacin da ciwo ya tashi ne kaɗai, yana ihu yana fizge-fizge. Amma likitoci sun lura cewa makonnin farko bayan an sallamo shi daga asibiti suna cikin lokuta mafi hatsari. Hankali ya komo, sai ya duba ya ga an ba wani aikinsa, an raba aurensa, yara suna binsa da sunan da ya san ma'anarsa, ba a shawara da shi ko a kan awakinsa. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da sauran amfani, kuma babu mafita.

Wannan hali shi ne karaya. Wani likita ɗan Amurka, Jerome Frank, ya yi bayaninsa a 1974. Ya bambanta da ciwon damuwa, wanda ke ɗauke wa mutum ɗanɗanon kome. Wanda ya karaya yana iya cin tuwo ya ji daɗi, ya yi wa jikansa dariya, amma ya ɗebe tsammani daga gobe. Saboda haka ne iyali suke ruɗuwa, su ce ai ya warware.

Babu shakka Allah Ya haramta kashe kai, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma Annabi Yakubu ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna a Suratu Yusuf, aya ta 87. Sai dai mu lura, ya faɗa musu haka ne yana aikensu su tashi su nema. Abin takaici, wasunmu kan ɗauki waɗannan ayoyi su mayar da su bulala, su ce wa majinyaci ba shi da imani. Wanda ya riga ya ga kansa ba kome ba, in ka ƙara masa da cewa Allah ma Yana fushi da shi, me ka bar masa?

Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru. Ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya yi wa hannunsa rauni har ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.), sai ya roƙa masa gafara. Jamhurin malamai kuwa suna kan cewa ana yi wa irin wannan salla, balle wanda aka ɗauke wa alƙalami saboda gushewar hankali.

To, in ɗan'uwanka ya fara cewa ya zame muku kaya, ko yana rarraba abin hannunsa, kada ka ce masa ya daina wannan magana. Zauna, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda yake, a kai shi ga likita a ranar, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, ko asibitin da ya fi kusa. Addu'a ba ta hana magani, turu da mari kuwa karaya suke ƙarawa. In ya samu sauƙi a mayar masa da wani abu da zai riƙe, ko da tsaron shago ne na rabin yini, a kuma je masallaci tare da shi, a tsaya sahu ɗaya.