Ciwon Dunduniya: Hutu Ko Motsi?

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai kauri wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta kai gindin yatsu. Ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin, kamar yadda tsirkiya ke riƙe da baka. Idan aka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, sai ta yi rauni daidai inda ta manne da ƙashi. An fi samun wannan ciwo ga masu shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu wuni a tsaye kan siminti, da 'yan gudu. Babbar alamarsa ita ce zafi mai suka a takun farko bayan tashi daga barci, ko bayan dogon zama.

Kwanciya gaba ɗaya ba ta warkar da shi, domin jijiyar da agara sukan ƙara ɗaurewa, tsoka kuma ta yi laushi. Haka nan cije haƙori a ci gaba da aiki kamar dā yana ƙara tsawon jinya. Abin da ake so shi ne a rage wa ƙafa nauyi ba tare da an daina motsa ta ba. A dakatar da gudu da tsalle da doguwar tsayuwa, a koma hawan keke ko iyo, ko gajeriyar tafiya a ƙasa mai taushi.

Kafin a sauko daga gado, majiyyaci ya ɗora ƙafar bisa gwiwar ɗayar, ya kama yatsun ya ja su sama har ya ji tafin ya miƙe, ya ƙirga goma, ya maimaita sau 10. Da yamma ya murza kwalbar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin na kamar minti 15. Ya guji yawo ba takalmi da silifa mai siririn ƙasa.

Safiya ita ce ma'auni. In zafin ya fi na jiya, an wuce gona da iri, sai a rage. In bai ƙaru ba, a ƙara kaɗan. Yawancin masu ciwon sukan samu sauƙi cikin shekara guda. Amma wanda ya yi mako biyu babu sauƙi, ko ƙafarsa ta kumbura ko ta yi sanyin mutuwa, ko mai ciwon sukari, lallai ne ya ga likita.