Sana'ar Ɗaukar Hoto a Illela: Bin Diddigin Matsalar Wuta a Fitilun Situdiyo

1.0 Gabatarwa

Ɗaukar hoto na daga cikin sana'o'in zamani da Hausawa suka runguma bayan cuɗanyarsu da Turawa. Jarin mai hoto bai tsaya ga kyamara ba, domin hoto ba wani abu ba ne illa hasken da kyamara ta kama. Idan fitila ta mutu ranar Sallah, ko ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, ciniki ya tsaya. Idan kuma aka taɓa ta da ganganci, ana iya rasa rai. Wannan darasi zai duba yadda ake gano matsalar wuta a fitilun situdiyo, tare da kalmomin da sana'ar ta shigo da su cikin Hausa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin, ana sa ran ɗalibi ya iya bambanta ire-iren fitilun, ya jero matakan binciken matsala bi da bi, sannan ya fito da hanyoyin da Hausa ta bi wajen samar da kalmomin sana'ar.

3.0 Ire-iren Fitilun Situdiyo

Fitilun sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu ci ba yankewa, kamar ƙwan halojin mai zafi da cin wuta, da fitilar LED wadda ba ta da zafi sosai kuma wutar da take ci kaɗan ce. Na biyu ita ce filasha, wadda ke walƙawa sau ɗaya daidai lokacin da aka danna kyamara. Harold Edgerton na ƙasar Amurka ya yi fice wajen inganta ta a shekarun 1930. A cikinta akwai kafasita, wato ma'ajiyar caji, da ke tara wuta mai ƙarfin bolt 300 ko fiye, sannan ta sake ta gaba ɗaya cikin wani siririn bututun gilashi mai iskar zenon.

3.1 Yanayin Illela da Tasirinsa

Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a kan iyaka da Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Abubuwa uku na wannan muhalli suna taɓa lafiyar fitila.

Na farko shi ne ita kanta wutar. Hukumar NEPA ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda Jihar Sakkwato ta faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke Kaduna. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Idan ta yi ƙasa da haka sosai, hasken halojin yakan koma ja-ja, filasha kuma ta daɗe ba ta cika caji ba. Idan ta haura, sai ƙwai ya ƙone.

Na biyu shi ne kayan da ke ƙetaro iyaka. Nijeriya ta gaji filogi irin na Ingila, mai ƙafa uku da fis a cikinsa, yayin da kayan da suka biyo ta Nijar sukan zo da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Cusa wannan cikin soket ɗin wancan yakan bar shi yana lilo, ya riƙa tartsatsi har roba ta narke. Haka kuma, fitilar gwanjo da aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120 za ta ƙone nan take idan aka jona ta ba taransifoma.

Na uku shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ƙura tana toshe kafofin shan iska, ta tsayar da fankar fitila, zafi ya taru a ciki.

3.2 Matakan Gano Matsala

Ƙa'idar ita ce a bi wuta daga tushe zuwa fitila, kuma a sauya abu ɗaya tak a kowane mataki. Mai gaggawa yakan ɗora laifi kan fitila, ya kwance ta, alhali ciwon yana bango.

(a) A fara da tushe. Shin an kawo wuta? Idan janareta ne, a lissafa nauyin da ke kansa. Ƙwan halojin biyu masu wat 500 sun kai wat 1,000, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin janareta mai wat 650.

(b) A gwada soket ta hanyar jona wani abu da aka tabbatar yana aiki, kamar fanka.

(c) A zare filogi a duba fis. Wat shi ne bolt sau amfiya, don haka fis mai amfiya 13 yana ɗaukar kimanin wat 2,990. Fis ɗin da ya sake ƙonewa bayan an canza shi yana nuna cewa wayoyi na haɗuwa a wani wuri. Ɗaure shi da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, gayyatar gobara ne.

(d) A bi waya da ido da hannu bayan an zare ta, musamman inda ta shiga filogi da inda ta shiga fitila, domin nan ta fi karyewa. Ruwan ƙasa ko ja ita ce mai wuta, shuɗiya ko baƙa ita ce ta komawa, mai kore da rawaya kuwa ta ƙasa ce.

(e) Daga nan sai ƙwai. A bari ya huce, kuma kada a kama sabon halojin da tsurar hannu, saboda maiƙon yatsa yana rage masa kwana.

(f) Idan filasha tana walƙawa da makunnin gwaji amma ba ta amsa kyamara, to laifin yana ga wayar da ta haɗa su ko batirin na'urar aika saƙo.

3.3 Iyakar Mai Hoto

Binciken mai hoto ya ƙare a murfin filasha. Kafasita tana riƙe caji ko bayan an zare filogi, kuma tana iya kashe mutum. Ƙauri, hayaƙi ko jan hannu a jikin ƙarfen fitila alamu ne na a kashe komai a nemi ƙwararren mai gyara. Ba a zuba wa gobarar lantarki ruwa. A yanke wuta tukuna, sannan a yi amfani da yashi. Wanda wuta ta kama kuwa, da busasshen itace ake raba shi da waya. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kafin Sallah ake duba kaya.

3.4 Kalmomin Sana'a

Hausa ta bi hanyoyi uku. Akwai aro tare da gyaran furuci, kamar soket, fis da janareta. Akwai faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar wuta, ƙwai, da lema wadda ake tausasa haske da ita. Akwai kuma ƙirƙira, kamar makunni da ma'ajiyar caji.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa sau da yawa matsalar fitila daga wajenta take, kuma bin tsari ne ke ceton kuɗi da rai. Malami zai iya amfani da waɗannan matakai wajen koya wa yara rubutun bayani mai bin tsari.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambanta filasha da fitila mai ci ba yankewa.
2. Me ya sa ba a buɗe filasha ko da an zare filogi?
3. Ziyarci wani mai hoto a garinku, ka tattaro kalmomi goma na sana'arsa, ka karkasa su bisa hanyoyi ukun da aka ambata.