DARASI: TATTARA HANKALI A CIKIN AIKIN YAU DA KULLUM

'Yan'uwa cikin Kristi, sau da yawa jikinmu yana cikin coci amma hankalinmu yana kasuwa ko gona. Muna cin abinci ba mu san ɗanɗanonsa ba, muna sauraron yaranmu da rabin kunne, fushi kuma yakan riga tunani fita daga bakinmu. Mabiya addinin Buda sun daɗe suna nazarin wannan cuta ta warwatsewar hankali. A darasin nan za mu duba maganin da suke koyarwa, da abin da Ikilisiya ta faɗa a kai.

Abin da Buda ya koyar

Buda ya rayu a arewacin Indiya ƙarnuka kaɗan kafin haihuwar Kristi. Cikin matakai 8 na tafarkin da ya shimfiɗa wa almajiransa, na 7 shi ne "sati" a harshen Pali, wato mutum ya san abin da yake yi a daidai lokacin da yake yinsa. Ya ce a lura da abubuwa 4: jiki da numfashinsa, jin daɗi ko zafi, halin da zuciya take ciki, da yadda al'amura suke zuwa suna wucewa. Wanda ya ga fushi yana tasowa tun yana ƙarami, yana da ikon riƙe harshensa.

Misalin wani sufi na zamaninmu

An haifi Tik Nat Han a ƙasar Biyetnam a 1926. Lokacin yaƙin ƙasar, ya kafa makarantar matasa masu sake gina ƙauyukan da bama-bamai suka rusa, aka kuma kashe waɗansu daga cikinsu. Ya rubuta musu doguwar wasiƙa cewa wanke kwano da shan shayi su ma wurin horon zuciya ne, muddin mutum ya ba su dukan hankalinsa. Saboda kiran da ya yi na a daina yaƙi, an hana shi komawa gida daga 1966 har 2005. A 1982 ya kafa zangon sufaye na Plum Village a kudancin Faransa. A can, idan aka kaɗa ƙararrawa, kowa yakan tsaya cik, mai dafuwa da mai shara, ya ja numfashi sau 3 kafin ya ci gaba. Ya rasu a 2022.

Ba a yinsa a kaɗaice

Littattafansu sun ba da labari cewa almajiri Ananda ya ɗauka abota ta gari rabin rayuwar tsarki ce, sai Buda ya gyara masa, ya nuna ita ce dukanta. Shi ya sa suke girmama "sanga", wato jama'ar masu bi. A Plum Village, waɗanda suka ɓata da juna sukan zauna, mai magana ya fara da yabon alherin ɗan'uwansa, ya faɗi nasa kuskuren, sa'an nan ya bayyana abin da ya yi masa ciwo, ba kuma mai katse shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matsayin Ikilisiya

A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin takardar Nostra Aetate, ta ambaci addinin Buda da suna, ta koyar cewa Ikilisiya ba ta ƙin abin da yake gaskiya da tsarki a sauran addinai. A 1966 Fada Tomas Merton ya karɓi Tik Nat Han a gidan sufayensu a Amurka, ya kira shi ɗan'uwansa. Ɗan ƙasarmu, Kadinal Francis Arinze, shi ya shugabanci ofishin Vatikan na tattaunawa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002.

Amma akwai gargaɗi. Wasiƙar da Kadinal Ratzinger ya aika wa bishop-bishop a 1989 ta ce ana iya amfana da hanyoyin natsuwa na Gabas, sai dai kada a ɗauki sanyin jiki da kwanciyar rai a matsayin alherin Ruhu Mai Tsarki. Koyarwar Buda ba ta dogara ga Mahalicci ba. Addu'ar Kirista kuwa ganawa ce da Uba ta wurin Ɗansa. Natsuwa share fili ce, Allah ne mai shuka.

Abin yi a wannan mako

Ko kana noma a Roni ko Gwiwa, ko kina saye da sayarwa a Kazaure ko Babura, zaɓi aiki ɗaya, daka ko ɗiban ruwa, a yi shi ba gaggawa. Kafin alamar gicciye, a tsaya a ja numfashi sau 3. A taron zumunta, a bar mai magana ya kai aya.

Don tattaunawa: Karanta Luka 10:38-42. Mene ne ya raba hankalin Marta? Wa ya kamata ka saurara sosai a gidanka kafin Lahadi mai zuwa?