Malami Ɗaya, Yara Tamanin

Bompai ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano, gama ta riga Sharaɗa da Chalawa. Aikin masaƙu da na sauran kamfanoni ya jawo leburori daga ƙauyuka, suka zauna a Dakata da Gama da Tudun Wada, suka yi iyali. Ko da yake masana'antu da dama sun rufe, jama'a ba ta koma ba. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Nasarawa, wadda Bompai ke ciki, ta tashi da mutum kusan 600,000.

Tun da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, kuma Jihar Kano ta mai da na sakandare kyauta a 2019, yara sun ƙaru fiye da yadda ɗakuna da malamai suka ƙaru. Ƙa'idar ilmi ta ƙasa ta yanke yara 40 ga malami ɗaya a sakandare, amma a unguwanni irin waɗannan sau da yawa adadin yakan ninka.

Ga lissafin abin. In darasi minti 40 ne, yara kuma 80, rabon kowane yaro rabin minti ne kacal. In malami yana da aji biyar irin wannan, littattafai 400 ke jiransa. Ko minti uku ya ba kowane littafi, sai ya shafe awa 20 kafin ya gama dubawa. Saboda haka yaron da ke bayan aji yakan wuce shekara ba a gane bai iya karatu ba.

Amma fa akwai dabara, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A tsangaya, alaramma ba ya biya wa kowane ƙolo allonsa da kansa. Gardawa ke yi, shi kuwa yana sa ido. A Ingila ma Joseph Lancaster ya bi irin wannan hanya a makarantar da ya buɗe a Landan a 1798. Watau malami ya kasa ajin kashi-kashi, takwas-takwas ko goma-goma, ya ɗora mai hazaƙa bisa kowane kashi. Ya riƙa sauya wurin zama kowane mako, don na baya su zo gaba. Ƙananan ayyuka kuwa yara su yi musayar littattafai su duba a gabansa, shi ya ɗauki na kashi ɗaya ya duba da hannunsa. Sai dai wannan sauƙi ne kawai, ba ya maye gurbin ƙarin malamai.

Hakimi yana da nasa rabo. Na farko, ya sa magatakarda ya rubuta yawan yaran da za su gama firamare a kowace unguwa, a kai wa hukumar ilmi tun kafin sabuwar shekarar karatu. Na biyu, ya tsare filayen makarantu kada a yanka su a sayar. Na uku, inda aka raba karatu safe da yamma, ya gargaɗi masu unguwanni su ga iyaye ba su tura yaran yamma talla har lokaci ya wuce ba. Da rarrafe yaro kan tashi, muddin an ba shi wurin rarrafen.