A Ina Zan Ɗaura Sensar Fankar Lagireto?

Tambaya: Na sa wa a-kori-kurata fankar lantarki. Mai gyaran waya ya ce a haɗa ta kai tsaye da makunni. Yaya kuka gani?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Fanka tana jan wuta mai yawa, takan kai amfiya 20 ko fiye, za ta iya ƙona makunni. Kuma fankar za ta riƙa juyawa ba tsayawa, injin da ba ya ɗaukar zafin da ya dace kuwa yana shan mai, yana saurin lalacewa.

A sa rilai. Waya mai kauri ta taso daga batir, a sa mata fiyus dab da batir ɗin, ta shiga ƙafar rilai ta 30. Ƙafa ta 87 ta tafi fanka, ta 86 makunni, ta 85 kuwa sensar zafi mai kunna fanka. Idan motarka mai bolt 24 ce, rilai da fanka su zama na 24.

Sensa kuma a ɗaura ta kusa da gidan tamostat, inda ruwa mafi zafi ke fitowa daga inji, bakinta ya nutse cikin ruwa sosai. Idan tamostat yana buɗewa a digiri 82, nemi wadda ke kunna fanka wajen digiri 92. In a tiyon ƙasan lagireto za a sa ta, sai mai ƙaramar lamba, domin ruwan can ya riga ya huce. Sensa mai waya ɗaya daga jikinta take samun as, don haka kada a naɗe zarenta da tef.

In an cire maka tamostat, a mayar da shi kafin komai.