Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane ne Masu Kirga Lambobi a Mita 20?

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Zariya. A ƙarshen watan Oktoba wani ya kawo mini babbar rediyo ta gajeren zango, irin mai maɓallin SSB, in duba masa. Ranar Asabar da la'asar ina gwada ta, sai na faɗa wani wuri kusa da mita 20, na ji mutane rututu suna kiran haruffa da lambobi da Turanci cikin sauri, ba labarai, ba kiɗa. Na koma ranar Litinin, wurin tsit. Wani ya ce mini gasa ce ake yi. Su wane ne, kuma me ake ci? Shin mutum irina zai iya haɗa kayan da hannunsa ya shiga?

Amsa: Wanda ya gaya maka gasa ce bai yi kuskure ba, kuma ka dace, domin kan mafi girmanta ka faɗa. Sunanta CQ World Wide, ana yin ɓangarenta na murya a cikakken ƙarshen mako na ƙarshe a watan Oktoba, ɓangaren bugun Mos, irin na tangaraho, a ƙarshen Nuwamba. Awa 48 ake yi ba tsayawa. A agogon Najeriya da Nijar tana farawa ƙarfe 1 na daren Juma'a wayewar Asabar, ta ƙare ƙarfe 1 na daren Lahadi wayewar Litinin. Shi ya sa ka tarar da kasuwa ta watse.

Mutanen da ka ji ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Masu rediyon sha'awa ne: likita, manomi, ɗalibi, ɗan fansho, kowa da na'urarsa a ɗakinsa da lasisin gwamnatin ƙasarsa, yana magana da takwarorinsa na duniya ba tare da layin waya ko intanet ba. Marigayi Sarki Hussaini na Jodan yana cikinsu, lambar kiransa JY1. Abin ya tsufa. A 1912 dokar Amurka ta kora su zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, don a lokacin ana ganin wannan zangon ba shi da amfani. Ashe a nan arzikin yake. A Nuwamba 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi magana da Fred Schnell na Amurka, wannan ya aika wancan ya amsa, a wajen mita 100. Gajeren zangon da iyayenmu suka riƙa kama Sashen Hausa na BBC a kansa tun 1957, waɗannan mutane na cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya nisan da yake kaiwa. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris a 1925.

Haruffan da ka ji ana maimaitawa lambobin kira ne, kuma farkon kowace lamba yana faɗin ƙasa. 5N Najeriya ce, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Sauran lambobin kuwa guda biyu ne kawai ake musaya. Na farko yadda kake jin mutum, wanda kusan kowa 59 yake cewa, wato tangaram. Na biyu shiyyarka, domin masu gasar sun raba duniya shiyya 40. Najeriya da Nijar da Gana suna shiyya ta 35, Kamaru da Chadi ta 36, Sudan ta 34. To da a ce kai ne, abin da za ka ce shi ne lambar kiranka, sannan 59 35. Wancan ya faɗi nasa, kowa ya rubuta, an gama. Gwani yakan yi haka da mutum uku ko huɗu a minti ɗaya.

Ba a cin kuɗi. Takardar shaida ce, ko allon yabo, da sunanka a jerin sakamako. Amma lissafin makin ya cancanci ka tsaya ka duba shi, don a nan maganar ta shafe mu. Idan ka yi magana da wanda ke wata nahiya, maki 3 ne. Wata ƙasa a nahiyarka, maki 1. Ɗan ƙasarku, babu maki. Sannan kowace sabuwar ƙasa da kowace sabuwar shiyya da ka samu a kowane zango ninki ce, kuma zanguna shida ake amfani da su: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. A ƙarshe sai a ninka makin da jimlar ƙasashe da shiyyoyi. Misali, ka yi magana da mutum 200, duk a wajen Afirka, maki 600 ke nan. Idan a cikinsu akwai ƙasashe 60 da shiyyoyi 20, sai a ninka 600 sau 80, ka tashi da 48,000.

Yanzu ka dubi Bajamushe. Maƙwabtansa na Turai, waɗanda suka fi kowa yawa a gasar, maki ɗai-ɗai suke ba shi. Kai kuwa da ke Zariya, kowane Bature maki 3 ne, kowane Ba'amurke maki 3, ga Turai nan arewa da kai, tsalle ɗaya ko biyu na sigina. Wannan ne ya sa manyan 'yan gasa suke kwasar kayansu su tafi Maroko, ko tsibiran Kanari, ko Kef Bad, don su zauna a Afirka su yi ta kiran Turai. Akwai wata ƙungiya ta 'yan Ingila da Amurka mai suna Voodoo Contest Group da ta shafe shekaru tana zagaya Afirka ta Yamma duk Nuwamba, Gana, Togo, Burkina Faso, Mali, kuma a farkon shekarun 2000 sun yi gasar daga Yamai da lambar 5U5Z. Abin da ke damuna shi ne, abin da wasu suke biyan kuɗin jirgi su zo nema, mu a kansa muke kwana, amma da wuya ka ji 5N a iska. Duk ranar da ɗaya ya fito, sai ka ji an yi masa caa, saboda mutane da yawa ba su da Najeriya a rajistarsu.

Sai batun haɗa kaya. E, za ka iya, kuma sana'arka ta riga ta kai ka rabin hanya. Amma kada ka fara da akwatin rediyon. Fara da eriya, domin ita ce ta fi arha, ita ce kuma ta fi tasiri. Na'ura mai tsada a kan muguwar eriya kurma ce kuma bebiya.

Lissafin ba baƙo ba ne a wurinka. Idan ka raba 300 da megahaz za ka sami mita. Rediyon Tarayya Kaduna da a da ake kamawa a kilohaz 6090, raba 300 da 6.09, ka ga mita 49 ta fito. Eriyar da kowa ke farawa da ita ana ce mata daifol, waya ce mai tsawon rabin wannan mitar, an yanka ta a tsakiya. Saboda sigina ba ta gudu a cikin waya kamar yadda take gudu a sarari, sai a rage kaɗan: a raba 143 da megahaz. Don zangon da ka ji mutanen nan, wajen megahaz 14.2, tsawon ya kama mita 10 da 'yan santimita, wato mita 5 da ɗoriya kowane hannu. Don mita 40, wajen megahaz 7.1, kimanin mita 20 ne gaba ɗaya. Don mita 15, ƙasa kaɗan da mita 7. Wayar jan ƙarfe ta wutar gida ta isa. Ka sami guntun bututun roba na famfo ka huda, ya zama tsakiya. Hannu ɗaya ka haɗa shi da zuciyar kebul, ɗayan da ragar da ke kewaye da ita, ka zuba dalma da kyau, ka naɗe yadda ruwa ba zai shiga ba. Bakin kowane hannu ma ka sa guntun roba kafin igiya. Na'urorin suna son kebul mai om 50, amma kebul ɗin dish mai om 75 da ke ko'ina a kasuwa yana aiki da daifol. Sai dai ragarsa sau da yawa alminiyom ce, ba ta shan dalma, don haka ka matse ta da kan da aka yi mata. Ka naɗe kebul ɗin zagaye kamar takwas dab da tsakiya, faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan, don kada sigina ta biyo bayansa ta dawo maka ɗaki.

Ka yanka wayar da ɗan tsawo fiye da lissafi. Ragewa sauƙi ne, ƙari wahala. Ana auna dacewar eriya da abin da ake kira SWR, kuma ƙaramar na'urar nan NanoVNA, mai girman wayar hannu, za ta nuna maka daidai inda eriyarka ta zauna. Idan ta zauna ƙasa da megahaz ɗin da kake so, ta yi tsawo, sai ka rage santimita biyu ko uku a kowane hannu ka sake aunawa. Idan lambar SWR ta sauka ƙasa da 2, ka bar ta haka.

Abu biyu mutane ke mantawa. Na farko tsayi. Daifol ta mita 20 tana son ta yi sama kamar mita 10 kafin ta harba sigina a kwance zuwa nesa. Idan ta yi ƙasa sosai, sama take kallo. In ba ka da wurin ɗaure baki biyu, kafa doguwar gora ɗaya, ka rataye tsakiyar a kai, hannuwan su gangaro kamar rufin bukka. Na biyu fuska. Daifol ba ta harbi ta bakinta, ta gefenta take yi. Tunda Turai na arewa da mu, ka shimfiɗa wayar daga gabas zuwa yamma. Eriyar Yagi, mai sanduna jere irin ta talabijin da ka sani, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Japan a 1926, ta fi ƙarfi, amma ta mita 20 sandunanta sun kai mita 10. Bar ta sai gaba.

Na'urar aikawa ma ana haɗa ta a gida. Ashhar Farhan, wani injiniya a Haidarabad ta Indiya, ya zana wata mai suna BITX20 musamman don wanda ba ya samun kayan waje: transista na gama-gari, kuma a maimakon zoben naɗa waya mai tsada ya yi amfani da wosha ta kan famfo. Ya saki zanen kyauta, jama'a suka yi ta haɗawa a ƙasashe da yawa. Ƙarfinta 'yan wat ne kawai, kuma kada ka raina. Gasar tana da rukunin wat 5, da na wat 100, da na manya har wat 1,500, kowa da sa'o'insa ake auna shi. Abin da ke kai sigina nesa wani rufi ne can sama da iska, wanda hasken rana ke caja, sigina ta buge shi ta dawo ƙasa. Ƙarfinsa yana hawa da sauka a zagayen shekara kusan 11, kuma idan yana sama, wat 5 a mita 15 ko mita 10 da rana tana isa Turai. Batirin mota ya ishe ka wuta. Ya ma fi janareta, don ba ya ƙara. Babban abokin gabanka a cikin gari shi ne shuu ɗin da inbata da cajar sola da ƙwan fitila mai arha suke zubawa a iska. Ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka gane mai laifin.

Akwai maganar da ba zan sassauta ba, Malam. Sauraro kyauta ne, amma aikawa sai da lasisi. Kada ka danna maɓallin magana ko da gwaji, sai hukumar sadarwa ta ba ka takarda da lambar kiranka. A halin tsaron da arewa ke ciki, mutum da na'urar aika saƙo da dogayen wayoyi a rufin gida ba tare da takarda ba ya sayo wa kansa fitina, kuma ya ɓata wa masu bin doka suna. Ka nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, su nuna maka hanya. Ko da lasisin ya zo, ba a sa waƙa, ba a talla, ba a magana a ɓoye da zaurance. Yana da kyau kuma ka sanar da mai unguwa da maƙwabta abin da kake yi kafin su ga gora ta tashi.

Sai lafiyar jikinka. Kada eriya ta ratsa sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki, kuma ka auna yadda ko gorar ta faɗi ba za ta taɓa ta ba. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, cire kebul daga na'ura ka jefa shi waje. Da hunturu ma ka yi hattara, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ta yi tartsatsi, ta ƙona maka transista. Ka kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi ka haɗa kayanka da ita.

Ba sai ka jira lasisi ba kafin ka fara koyo. Ɗaga daifol ɗinka, ka haɗa ta da rediyo mai SSB, ka sa maɓallinta a USB idan kana sama da megahaz 10, LSB idan kana ƙasa, in ba haka ba muryoyin za su zo maka kamar kukan agwagwa. Ka sami littafi ka ja layi huɗu: lokaci, zango, lambar kira, shiyya. Da farko harafi biyu za ka kama a cikin biyar, domin suna faɗin haruffa da kalmomi ne, Alfa, Birabo, Cali, Dalta, sai kunnenka ya saba. Kusan kowane ƙarshen mako akwai ƙaramar gasa tsakanin megahaz 14.150 da 14.350 da za ka yi atisaye da ita. A ƙarshen Maris kuma akwai babba, CQ WPX, ita ma ta murya ce, awa 48.