Ƙoƙon Monika da Abokan Agustin: Darasi don Iyaye da Matasa

Kafin a shiga wannan darasi, muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta farkon sura ta 19 ta Littafin Sirak, da kuma Romawa 13:11 zuwa 14:1.

Duk lokacin da matasanmu suka shirya wasan kwaikwayo a harabar majami'a, da wuya a rasa labarin yaron kirki wanda mugun aboki ya koya wa shan giya. Ƙagaggun labaran da marubuta Kirista suke rubuta wa samari da 'yammata su ma sukan bi wannan hanya. Mukan yi dariya sa'ad da mashayin ya shigo yana tangaɗi, mu tafa sa'ad da ya durƙusa ya tuba. Labaran suna da amfani, muna kuma ƙarfafa matasa su ci gaba da karanta su. Sai dai sau da yawa mugun abokin yakan fito da jajayen idanu da yagaggen tufafi, kowa ya gane shi tun daga nesa. A zaman duniya kuwa yakan zama ɗan ajinmu, ko wanda muke waƙa tare da shi a ƙungiyar mawaƙa. Wani lokaci ma kurɓin farko daga cikin gida yake fitowa.

Saboda haka muka zaɓi labari na gaskiya, wanda ya faru a nan Afirka. Kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Waliyyiya Monika ran 27 ga Agusta, da ɗanta Waliyyi Agustin ran 28. Mutanen Tagaste ne, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Bayan Agustin ya zama Bishof na Hippo, ya rubuta littafinsa na ikirari, wanda ake kira Confessiones da harshen Latin, wajen shekara ta 397 zuwa 400. A ciki bai ɓoye ƙuruciyarsa ba, bai kuma ɓoye ta mahaifiyarsa ba.

Yarinyar da Aka Aika Ɗebo Ruwan Inabi

Mun san Monika da hawaye da addu'a domin ɗanta. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa tana yarinya ta kusa zama mashayiya. Ita da kanta ta ba ɗanta labarin. A gidan Kirista ta tashi, a hannun wata tsohuwar baiwa wadda ta goyi mahaifinta tun yana jariri. Tsohuwar tana da tsanani ƙwarai, har ba ta barin 'yammatan gidan su sha ko da ruwa in ba lokacin cin abinci ba. Dalilinta shi ne, yarinyar da ba ta koyi danne ƙishinta a kan ruwa ba, ran da ta yi aure makullin ɗakin ajiya ya shiga hannunta, za ta raina ruwa, amma halin shan zai bi ta.

Da yake iyayen Monika sun amince da hankalinta, ita suke aika ta ɗebo ruwan inabi daga babbar randa domin abincin gida. Kafin ta juye a tulu, sai ta ɗan taɓa bakin ƙoƙon da leɓenta. Da fari ko daɗinsa ba ta ji, rawar kai ce irin ta ƙuruciya. Amma yau ta ƙara kaɗan, gobe ta ƙara kaɗan, har ta kai ga shanye ƙoƙo kusan cike. Tsohuwa ba ta gani ba, iyaye ba su sani ba. Wadda ta sani ita ce kuyangar da ke raka ta ɗakin ajiya. Wata rana faɗa ya haɗa su su biyu kaɗai, kuyangar ta yi mata gori ta kira ta 'yar mashaya. Maganar ta soke ta, ta dubi kanta ta ji kunya, daga ranar ta daina.

Abu uku za mu lura da su. Na fari, tarbiyya mai kyau ba ta hana jarraba shigowa ba, domin aiken gida ne ya kai yarinyar bakin randa. Mu tambayi kanmu: yara nawa ne a unguwanninmu ake aika sayo burukutu ko giyar kwalba? 'Yammata nawa ne suke taya uwayensu dafawa da tacewa da miƙa wa masu saye, har a ce su ɗanɗana a ji ko ta nuna? Na biyu, abin ya girma ne a hankali, kamar yadda Sirak ya yi gargaɗi a kan mai raina ƙananan abubuwa. Da yayyafi kogi kan cika. Na uku, kuyangar ba ta yi maganar don ƙauna ba, fushi ne ya sa ta. Duk da haka Allah ya yi amfani da bakinta. Agustin ya lura a nan cewa abokai masu daɗin baki sukan lalata mutum, zagin maƙiyi kuwa sau da yawa yakan gyara shi. Abin baƙin ciki ne a ce sai ranar faɗa yaro zai ji gaskiyar da ya kamata masu ƙaunarsa su faɗa masa tun da wuri.

Samari da Dare

An haifi Agustin a shekara ta 354. Yana da shekara 16 sai karatunsa ya tsaya. An dawo da shi gida daga makarantar garin Madaura, mahaifinsa Fatrisiyus yana tara kuɗin da zai tura shi Kartaj. Shekara guda ya yi ba makaranta ba sana'a, sai yawo da samarin gari. Iyayen da 'ya'yansu suka gama sakandare suna jiran sakamako ko gurbin karatu sun san irin wannan shekara.

Wani dare, bayan sun daɗe suna wasa a titi, sai suka faɗa wa wani itace mai 'ya'ya kusa da gonar su Agustin. Suka kakkaɓe shi, suka kwashi 'ya'yan da yawa, suka ɗan ci, sauran suka watsa wa aladu. Ba yunwa suke ji ba, Agustin ma yana da waɗanda suka fi su kyau a gida. Bayan shekaru fiye da ashirin, yana bishof, ya zauna yana binciken zuciyarsa a kan dalilin wannan sata. Amsar da ya samu ita ce, da shi kaɗai ne da bai yi ba. Abin da ya so shi ne tarayyar, da dariyar, da kada a ce shi ne matsoraci. Ya kuma faɗa cewa a cikin abokan nan yakan ji kunya in muguntarsa ba ta kai tasu ba, har yakan ƙaga laifin da bai yi ba don kada a raina shi.

Ba giya suka sha a daren nan ba, amma duk wanda ya taɓa zama da matasa zai gane zuciyar. Yaro ɗan shekara 14 ba ya neman ɗacin giya. Yana neman wurin zama a cikin tsaransa. A wurin biki, ko bayan ƙwallo, ko a daren Kirsimeti, in aka miƙo kofi, abin da yake aunawa shi ne dariyar da za a yi masa in ya ƙi. Yanzu kuma ga giya mai ƙarfi a ƙananan ledoji da 'yan kwalabe, mai arha, mai sauƙin ɓoyewa a aljihu. Idan muka tsaya ga yi wa yaro faɗa a kan kwalba, ba mu tambayi su wa yake zama da su ba, mun bar tushen maganar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Aboki na Gaskiya

Agustin yana da aboki ɗan garinsu mai suna Alifiyus, wanda ya kasance ɗalibinsa a Kartaj. Da Alifiyus ya tafi Roma karatun shari'a, wata rana abokan karatunsa suka ja shi da ƙarfi zuwa filin da ake sa mutane su yi faɗa da takobi har mutuwa. Ya ƙi jinin wannan wasa, ya gaya musu cewa ko sun kai jikinsa can, ba za su iya kai hankalinsa ba. Ya zauna ya rufe idanu. Da wani ya faɗi, jama'a suka ɗauki ihu, sai ya buɗe ido don ya gani sau ɗaya. Daga ranar ya kamu, har ya riƙa jan waɗansu zuwa wurin. Matashin da ke cewa zai bi abokai gidan giya ya zauna kawai ba zai sha ba, ya tuna da Alifiyus. Ya dogara ga ƙarfin kansa a wurin da ya kamata ya guje wa.

Amma abotar nan ba a nan ta ƙare ba. A shekara ta 386, a wani lambu a birnin Milan na ƙasar Italiya, Agustin yana kuka saboda ya kasa rabuwa da tsohon halinsa, Alifiyus kuwa yana zaune kusa bai bar shi ba. Agustin ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa a kan ƙarshen Romawa sura ta 13, inda Manzo ya gargaɗi masu bi su rabu da shashanci da buguwa da fasikanci da jayayya, su yafa Ubangiji Yesu Kristi. Ya nuna wa abokinsa. Alifiyus ya karanta ayar da ke biye, wadda ta umarta a karɓi mai raunin bangaskiya, ya ɗauka da shi ake. Tare suka shiga gida suka gaya wa Monika. Tare kuma Bishof Ambros ya yi musu baftisma a daren Ista na shekara ta 387. A cikin shekarar Monika ta rasu a Ostiya. Daga baya Alifiyus ya zama Bishof na Tagaste.

Koyarwar Ikilisiya

Ikilisiya ba ta koyar cewa ruwan inabi mugun abu ne. Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, da ruwan inabi kuma Fada yake miƙa hadayar Misa. Abin da aka umarce mu shi ne kamewa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a shekara ta 1992, ya koyar a sakin layi na 2290 cewa mu guji wuce gona da iri wajen abinci da giya da taba da magunguna, kuma mai tuƙi cikin maye wanda ya jefa ran mutane cikin haɗari ya yi babban laifi. Ga yaro kuwa, kamewa ita ce ya bar ta gaba ɗaya. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai mutum ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama wanda ba ya iya rabuwa da ita. Babban da ya miƙa wa yaro kofi, ko ya sayar masa, ya karanta Matiyu 18:6, ya ji abin da Ubangiji ya faɗa game da mai sa ƙanana tuntuɓe.

Abin da Ya Kamace Mu

Iyaye, mu daina aiken yara sayen giya, mu daina ba su su ɗanɗana don a yi dariya. Uwayen da dafa burukutu ne abin da suke biyan kuɗin makaranta da shi, ba mu raina wahalarku ba, amma muna roƙo ku nisanta yara daga tukunya da wurin sayarwa. Zumuntar Mata ta duba yadda za ta taimaki wadda take so ta sake sana'a. Mu san sunayen abokan 'ya'yanmu, mu bar su su zo gida mu gan su. Idan muka ji wari a bakin yaro, mu jira hankalinsa ya dawo, mu zauna da shi, mu tambaye shi yaushe ya fara da kuma su wa. Duka cikin fushi yakan koya masa ɓoyewa ne kawai.

Matasa, in abokinka ya fara sha, kada ka rufa masa asiri da sunan amana, kada kuma ka tona shi a bainar jama'a. Ka faɗa masa gaskiya ku biyu. In bai ji ba, ka nemi katikis ko Fada ko wani babba mai riƙon sirri. Ka raka shi zuwa Sakramentin Tuba, in abin ya yi nisa a kai shi ga likita. Ƙin kofi yana da wuya ga mutum ɗaya, amma in ku biyu ko uku kuka yi alkawari tun kafin ku tafi biki, zai yi sauƙi. Masu rubuta mana labarai da wasan kwaikwayo kuma, ku gwada nuna mana yarinya mai hankali a bakin randa, da abokin da ya zauna kusa a lambu.

Tambayoyi don Tattaunawa

1. A gidajenmu, ta wace hanya yara suka fi fara ɗanɗana giya?
2. Me ya sa faɗin gaskiya ga aboki ya fi mana wuya fiye da yin gori ga abokin faɗa?
3. Wane aiki majami'armu za ta ba matasan da suka gama makaranta suna zaune a gida?

Mu Yi Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka tsamo Monika tun tana yarinya, ka kuma haɗa Agustin da Alifiyus a kan hanyarka, ka dubi 'ya'yanmu. Ka ba su abokai masu faɗin gaskiya, ka ba mu iyaye ido mai lura da baki mai taushi. Waɗanda giya ta riga ta kama, ka kwance su. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyyiya Monika da Waliyyi Agustin, ku yi addu'a dominmu.